Ƙofofin da Limbikani Ya Rufe

Ranar da kwamfutar shagon buga takardu na Baba Kalua ta haukace, ranar ce 'yarsa Tiyamike ta fara ganin Limbikani, mai gyaran kwamfuta. Tallan caca ke ta faɗowa, ta rufe ɗaya, uku su buɗe. Mai gyaran ya shigo da taɓon kasuwar Zomba ta ƙasar Malawi a takalmi, ya kalle ta, ya manta abin da ya kawo shi.

"Malam, injin ne ba lafiya, ba ni ba," ta ce.

"Ai kuwa yanzu ni ma na kamu."

Ya cire manhajar leƙen asirin da ke kwashe kalmomin sirrin masu zuwa shagon. Sannan ya buɗe wani ɗan fayil mai suna hosts, ya zuba masa dogon jerin sunayen miyagun shafuka. Ya ce duk sunan da ke ciki, in kwamfutar ta nufi can, gida za a maido ta.

Inji ya warke sarai, amma mai gyara bai daina zuwa duba shi ba. Saƙonni kuwa sai ka ce ruwan damina.

"Tauraruwata, yaya majinyacinmu? Ni dai zazzaɓina sai na gan ki."

"Majinyaci garau yake, likitan ne abin tausayi. Zo, na ajiye maka soyayyen kifin chambo."

Wata Asabar ya zo ƙara sababbin sunaye, hira ta ɗauke masa hankali, ya tafi ya bar fayil ɗin a buɗe. Baba Kalua kuwa tsohon hedimasta ne, dattijon coci, ko takardar ƙunshin gyaɗa ya gani sai ya karanta. Ya gyara tabarau. Caca, batsa, damfara, layi bayan layi.

"Wannan ne zai turo mini kawunnansa neman aure?"

"Baba, waɗanda aka toshe ne fa!"

"Mutumin kirki ina ya san sunayen nan duka? Goge su. Kada ya sake tako mini shago."

Tana gogewa tana hawaye. Zuciyarta ta yi ɗaci, don ta san Baba ba ya magana biyu. Da ta gaya wa Limbikani, ta zaci fushi zai yi. Ga abin da ya aiko:

"Ki bi maganar Baba, abar ƙaunata. Amma don Allah kada kowa ya buɗe asusunsa a injin nan. Mutane sun amince da shagonku."

Ta rubuta gargaɗin, ta manna a bango. Kwana tara ba ta sa shi a ido ba, tuwon nsima ma ya daina yi mata daɗi.

Ran na goma matan zumuntar coci suka zo buga takardar taro. Baba da kansa ya zauna yana nemo musu baitin waƙa. Dannawa ɗaya, sai ga hoton da bai kamata ko bango ya gani ba ya cika allon. Mata suka saka ihu. Dattijo ya rasa maɓalli, ya cire kwat ɗinsa ya lulluɓe injin.

Da suka watse ya daɗe yana kallon takardar da ke bango.

"Wa ya ce ki manna wannan?"

Ta miƙa masa wayarta. Ya karanta saƙon har sau biyu, ya ɗauki hularsa ya nufi rumfar Limbikani da ƙafa.

"Ɗana, na yi maka rashin adalci. Zo ka mayar da jerin nan. Ka kuma ce wa kawunnanka ina gida ranar Lahadi."

Ranar baiko kawunnai suka yi musayar zakara da kaza bisa al'adar garin, guɗa ta tashi. Ranar ɗaurin aure kuwa Baba Kalua ya kama hannun Tiyamike ya sa a na ango.

"Na kore ka, ka ci gaba da tsare mini mutunci. Ga 'yata. Allah ya yi muku albarka, ya tsare gidanku."

Tiyamike ta ce amin, tana dariya tana kuka.