Agogon da Ya Makarar da Ticha

Auta na tsaye tana guga a falo, Umma da Yaya kuwa sun sa ta gaba tun safe, kamar ba su da wani aiki a duniya sai zancen agogon saurayinta.

"Ni ba rashin kuɗinsa ne ya dame ni ba," in ji Umma tana gyara zaman tabarau. "Amma a ce namiji zai zo neman aure gidan mai gyaran agogo da agogon roba a hannu? Na roba fa, Auta, irin na 'yan firamare."

"Har kuka yake yi," Yaya ta karɓe. "Ran nan muna gaisawa na ji tit-tit, na zaci wutar lantarki ce za ta ƙare. Ki dubi na Manaja mana. A shagon kamfanin ya saya, da kwalinsa da katinsa."

Manaja shi ne mijin Yaya, mutumin da bai taɓa sauke hannun riga ba tun da ya sayi agogon nan, ko da ana tsuga sanyi. Auta ta dangwarar da dutsen guga, takaici ya cika ta fal. Ticha, malamin lissafin da take so shekara biyu cur, ba ya sha, ba ya ƙarya, ba ya saɓa alkawari, amma duk wannan bai kai nauyin abin da ke ɗaure a tsintsiyar hannunsa ba.

Abin da ya fi damunta ma ba su biyun ba ne, Baba ne. Shekara talatin da biyar yana gyaran agogo a ɗakin gaban gida, kuma yana da doka ɗaya da kowa ya sani: wanda bai san lokaci ba, bai san alkawari ba. Akwai wani da ya nemi Yaya kafin Manaja, ya makara da minti goma, ya tarar Baba ya rufe ƙofa, daga nan maganar ta mutu murus. Ga shi yanzu ya ce Ticha ya zo ya same shi ranar Asabar ta sama, ƙarfe goma sha ɗaya na safe. Daga wannan zaman za a san ko da aure ko babu.

Da yamma Ticha ya zo zance. Suna cikin hira agogon ya yi tit-tit ɗinsa, Auta kuwa dama a cike take, sai bakinta ya suɓuce.

"Don Allah ka raba ni da wannan abin kunyar. Na gaji da gorin da ake yi min a kansa."

Ya dubi agogon, ya dube ta, ya yi murmushin da bai kai ciki ba. "To, ranki ya daɗe. An gama."

Nan take ta so ta janye, amma magana zarar bunu ce.

Bayan kwana biyu ya ja ta zuwa shagon kamfanin. Ƙofar gilashi, sanyin na'ura, kafet mai laushin da mutum ke jin kunyar takawa. Wata ma'aikaciya sanye da farar safar hannu ta zaunar da su, ta kawo shayi, ta ɗora agogo a kan ɗan matashi kamar jariri sabon haihuwa.

"Idan ka saya a nan, yallaɓai, za mu rubuta lambarsa da sunanka, mu ba ka katin garanti na shekara biyar. Sannan za mu zauna da kai mu koya maka yadda ake kula da shi, domin irin wannan ba ya amfani da batir."

Ticha bai ji ƙarshen bayanin ba, don idonsa ya riga ya sauka a kan farashi. Ya ajiye kofin shayin a hankali kamar shi ma za a ce ya biya. Suna fita ya sauke ajiyar zuciya.

"Auta, da wannan kuɗin ai sai in rufe ɗaki biyu da kwano."

"To a bar shi mana. Ni na ce, ni kuma na fasa. Ka zo da na robarka."

"Akwai 'yan ragi," ya ce. "Wani abokin aikina ya nuna min shagonsu a bene na biyu na kasuwar waya. Agogo ɗaya ne sak, orijina, amma rabin kuɗi. Kati kawai ne babu."

"Ticha, araha fa ba ta ado. Gidan wa za ka kai shi? Baba da kunne yake gane agogo. Ko ka saya a inda ya dace, ko ka haƙura."

Ya ce ya ji. Amma jin maza irin wannan Auta ta san shi, ta kunnen dama ya shiga ta hagu ya fita. Kwana uku bayan haka ya turo mata hoton agogon a cikin kwali, yana walƙiya, da rubutu a ƙasa: Ba zan ƙara bari a yi miki gori ba. Ya kwashe abin da ya tara na kujerun ɗaki ya kai wa 'yan ragi, suka miƙo masa kwali a leda, suka ce a sauka lafiya, ko zama ba su ba shi ba. Ta rasa ko ta yi kuka ko ta jefar da wayar. Kafin ta yanke shawara Umma ta leƙo ta kafaɗarta ta ga hoton, shi ke nan. Kafin magariba dangi duka sun ji cewa surukin Umma na gobe ya sayi agogo a shagon kamfani, wanda ya fi na Manaja tsada.

"Umma, ban ce miki a can ya saya ba."

"Ba ki ce ba a can ba ne kuma. Ki bar ni in ɗaga kaina ko sau ɗaya."

Ranar Asabar Baba ya zauna a ɗakinsa tun sha ɗaya saura kwata. Agogon bango bakwai ne a ɗakin, duk bakinsu ɗaya, ga tebur cike da ƙananan sukurori da ɗan gilashin da yake maƙalawa a ido. Manaja ya zo shi ma, wai don ya taya Baba ganin baƙo, amma kowa ya san agogo ya zo gani. Auta na laɓe a bayan labulen da ya raba ɗakin da falo.

Agogo bakwai suka buga sha ɗaya tare. Babu Ticha.

Ta kira wayarsa, a kashe. Ta san halinsa, in zai yi makin takardun jarrabawa sai ya kashe waya ya jefa a aljihun tebur. Sha ɗaya da kwata ta sake kira. Da rabi ta kira har sau shida, hawaye na ɗiga a kan gilashin wayar, tsoro da haushi sun haɗe mata wuri ɗaya. Mutumin da bai taɓa makara ko wurin shan iska ba, yau ya zaɓi ya makara! Yaya na gefe tana cewa dama ita tun farko jikinta bai ba ta ba. Baba kuwa ya juya kan teburinsa. Ya ɗauki wani tsohon agogon aljihu yana gogewa, wanda kuma ya san shi ya san gogewar nan ta fi faɗa muni.

Sha biyu saura minti goma aka yi sallama. Ticha ya shigo fes da shi, fuska a sake, ya durƙusa ya gaida Baba cikin natsuwar wanda ya zo a kan kari. Sai da ya ɗago kai ya ga bango. Ya dubi hannunsa, sha ɗaya daidai. Ya sake duban bango, agogo bakwai suna ƙaryata shi. Auta ta ga lokacin da murmushin ya bushe a fuskarsa.

Manaja ya ƙyalƙyale da dariya. "Wannan ai jabu ne. Na shagon kamfani ba ya haka."

Umma ta faɗo ɗakin da tiren lemo, ta yi wuf ta miƙa masa igiyar tsira. "Cunkoson motoci ne ko, Malam? Yau hanya ba ta biyuwa. Agogon kuma ai sai ka mayar musu, tunda a shagonsu ka saya su canza maka."

Auta ta runtse ido. E kawai zai ce, a wuce wurin, watakila.

"A'a, Umma," Ticha ya ce. "Hanya lafiya lau take. Kuma ba a shagon kamfani na saya ba, wurin 'yan ragi ne, ba ni da kati, ba ni da inda zan mayar. Auta ta hana ni, na ƙi ji. Baba, na makara, kuma laifina ne. Na so in burge ku ne da abin da ya fi ƙarfina."

Umma ta ajiye tiren da ƙarfi har kofuna suka yi ƙara. Baba ya miƙo tafin hannu. Ticha ya kwance agogon ya ba shi. Tsohon ya kara shi a kunne, ya maƙala gilashi a ido, ya buɗe bayansa da ɗan makulli, ya daɗe yana leƙe.

"Lafiyarsa ƙalau, kuma na gaske ne," ya ce. Dariyar Manaja ta koma ciki. "Ka yi sa'a, don na sha buɗe irinsa in tarar an kwashe kayan cikin an zuba tarkace. Kwana nawa ya yi a kwali?"

"Takwas, Baba. Ina tsoron kada ya ƙarce."

"Yau da safe ka saita shi ka ɗaura. Ka wana shi?"

"Wana shi kuma?"

"Me ka yi bayan ka ɗaura?"

"Na zauna makin takardu."

"Da dama kake rubutu, hagu na kwance a kan tebur kamar gawa." Baba ya girgiza kai. "Wannan agogon motsin hannu yake ci. Ka bar shi da yunwa kwana takwas, ka ɗaura shi ba ka ba shi komai ba, ya yi 'yar tafiya ya kwanta barci. Da ka tashi wanka da shiri ya farka ya ci gaba daga inda ya tsaya. Sau talatin kawai za ka murza wannan ɗan kunnen na gefe. A shagon kamfani da sun zaunar da kai sun faɗa maka. Rabin kuɗin da aka rage maka, wannan bayanin ne da katin. Ka saye shi da araha, ya ci maka minti hamsin."

Ya mayar da murfin, ya ajiye agogon a gefe. "Ina tit-tit ɗin da nake jiyowa ta taga kullum ƙarfe biyar, idan ka zo wurin Auta?"

Ticha ya sa hannu a aljihu a kunyace ya zaro agogon roba. Ashe ya kasa barin sa a gida, ya dai naɗe shi a hankici don kada ya yi kuka a gaban mutane. Da ya warware shi sau ɗaya a hanya, da duk wannan bai faru ba. Baba ya dubi fuskar agogon, ya dubi bango. Daidai, ko daƙiƙa babu.

"Shekara biyu ina gwada agogunana da zuwanka," ya ce. "Amma doka doka ce, yau ban gan ka ba. Tashi ka tafi."

Kuka ya ƙwace wa Auta a bayan labule. Ticha ya miƙe, har ya kai bakin ƙofa.

"Gobe sha ɗaya," Baba ya ƙara, ba tare da ya ɗago ba. "Da na robar za ka zo. Wanda ya makara ya ce cunkoso ne, ba na sake buɗe masa ƙofa. Wanda aka miƙa wa ƙarya a kan tire ya ƙi ɗauka, yana da gobe."

Da yammar nan Umma ta shigo ɗakin Auta ta zauna a bakin gado, ta yi ta kame-kame, can ta ce ita dai bakinta ne ya ja, a yafe mata. Auta ta ce ita ma nata bakin ai bai zauna lafiya ba. Yaya kuwa ta tafi gida da mijinta, wanda a karon farko aka ga ya sauke hannun riga.

Washegari tun sha ɗaya saura ashirin Auta ta hango Ticha ta taga, tsaye a ƙofar gida cikin rana, yana share gumi, ya ƙi yin sallama. Ta tura masa saƙo: Ka shigo mana, rana za ta gasa ka. Ya amsa: Sha ɗaya aka ce.

"Kai dai ba ka da tsaka-tsaki," ta faɗa a fili, tana dariya da guntun hawaye.

Agogo bakwai suka fara bugawa a ciki, na roba ya amsa musu daga waje da tit-tit, Baba ya tashi da kansa ya buɗe ƙofa.

Wata huɗu bayan haka aka ɗaura auren. An sayar da agogon mai tsada da 'yar asara, aka sayi kujerun ɗaki. Duk wanda zai sayi abin da ya fi ƙarfin saninsa, to ya saya a inda za a zaunar da shi a koya masa, in kuwa ba shi da hali ya riƙe nasa da mutunci. Kuma 'yan mata su kiyayi gorin da ake ɗora musu a gida su kai wa masoyi, don abin da ya ceci Ticha ba a hannu yake ɗaure ba, gaskiyar da ya faɗa ce a lokacin da ƙarya ta fi sauƙi.