Taku Ɗari Biyu a Bayan Lambunmu

Ranar da ya fara zuwa gidanmu, Mama ko kujera ba ta ba shi ba. Yana tsaye a ƙofa, hannu ɗaya riƙe da keke, ɗayan da naɗaɗɗiyar takarda, wandonsa duk laka har gwiwa. Ni kuwa ina bayan labule ina leƙe.

Ya yi gaisuwa cikin ladabi, ya ce shi ma'aikaci ne a ƙungiyar da ke mayar da tsohon layin dogo hanyar masu keke, hanyar da mota ba za ta taɓa hawa ba. Sun taso daga tsohuwar tasha, sun bi gefen kogi, sun ratsa gindin tsaunuka. Abin da ya rage musu taku ɗari biyu ne kacal a bayan lambunmu na lemo, inda ruwa ya cinye layin tun da daɗewa. In Mama ba ta yarda ba, dole mutane su hau kwalta, su bi ta kwanar da tifofi ke gangarowa daga wurin fasa dutse.

"Ka gama?" in ji Mama.

"Na gama, Mama."

"To ɗauke min wannan ƙarfen daga ƙofar gida."

Bai san a wannan kwanar ce tifa ta take Yayana ba, shekara uku da suka wuce, yana dawowa daga kasuwa a kan kekensa. Babanmu ya riga shi rasuwa, sai ya rage daga ni sai Mama. Tun daga ranar, ko ƙararrawar keke ta ji sai ta ajiye abin da ke hannunta ta shige ɗaki.

Ina koyarwa ne a firamaren da ke ƙetaren kogi, kullum a ƙafa, tafiyar awa guda. Bayan kwana biyu na tarar da shi a kan tsohuwar gadar jirgi yana buga katako. Na tsaya na ba shi haƙuri, na gaya masa dalili. Ya ajiye guduma, ya sunkuyar da kai, ya ce da ya sani da ko kusa da gidan bai kawo kekensa ba.

Daga nan gaisuwa ta ƙullu. Ina ce masa Mai Taswira, domin ko lafiyarsa ka tambaya sai ya warware maka takarda. Shi kuma yana ce min Malama, yana tsokanata wai saurin tafiyata ya fi na kekensa.

Wata Asabar ya zo gadar da kekuna biyu. Na ce na manta hawa. Bai yi musu ba, ya ce to mu tura su muna hira. Muka tura har muka wuce gonaki, sai kawai na ga ƙafata a kan feda. Yaya ne ya koya min, ya kuwa koya min da kyau.

Kogi na hagunmu yana wanke duwatsu, tsauni na damanmu. Babu hon, babu hayaƙi, sai ƙarar taya a kan tsakuwa. Muka shiga ramin da jirgi ke bi ta cikin dutse a dā, ruwan sanyi na ɗigo mana a kai, in na yi dariya sai ramin ya maimaita. Da muka fito can sama, inda ya kafa benci don masu hutawa, na zauna na yi kukan da ban samu yi ba a gida saboda Mama. Bai hana ni ba. Sai da na share fuska ya yi magana.

"Ina son ki, Malamata. Ba don taku ɗari biyun nan ba... ko an hana ni hanyar, ke nake so."

Na ce na ji. Shi ke nan abin da bakina ya iya faɗi, amma ya gane sauran.

Matar Kawu ce ta hango mu, labari kuwa ya riga ni isa gida. Na tarar da Mama a tsakar gida ta tasa kwandon lemo a gaba, ko ɗaya ba ta ware ba.

"Keke ya riga ya cinye min ɗaya. Ke ma bin sa za ki yi?"

"Mama, hanyar ba mota..."

"Yayanki ma ce min ya yi yanzu zai dawo."

Ta ce yaron nan wayo yake min, filinta yake nema ta hannuna. Ta ce in ina son ganin ta da sauran kwana a duniya, in rabu da shi. Ba da faɗa ta faɗa ba, a hankali ta yi maganar, hakan kuwa ya fi faɗa ciwo.

Washegari na gaya masa a kan gada. Ya ce uwa ba abin ja ba ce, kuma ba zai zama sanadin hawayenta ba. Daga ranar, in lokacin wucewata ya yi sai ya koma aiki can gaba. Wata biyu ban ga komai nasa ba sai sawun tayarsa. Na rame har ɗalibaina suna tambaya ko ba ni da lafiya.

Aka buɗe hanyar a haka, da ratse ta kwalta. Mai Taswira ya kafa alluna da jan fenti, yana roƙon mutane su sauka su tura kekunansu, amma ba kowa ke sauka ba. Kawu ne ya gaya min ƙarshen wata za a mayar da Mai Taswira wani yanki mai nisa.

Saura kwana biyar ya tafi, Mama ta fita sayen taki. Ba ta da wurin jiran mota sai wannan kwanar. Daga baya ta ba ni labari: samari biyu ne suka hau kwaltar a kan kekuna, jakunkuna a baya, suna ta raha. Tifa ta gangaro da hon, ɗayansu ya kauce ya faɗa kwata. Ya tashi da ƙujewa a gwiwar hannu, yana dariya, abokinsa na karkaɗe masa riga. Mama ta ce ita kuwa sai ta zauna a ƙasa tana tunanin uwarsa, wadda ke can gida ba ta san komai ba.

Da na dawo daga makaranta na ji sara a bayan lambu. Mama ce da adda tana sare shingen ƙaya, hannunta duk jini.

"Kin tsaya kallona? Je ki kira shi."

Da gudu na je. Ya zo a ƙafa, ya durƙusa a gabanta. Ta nuna masa inda za a bi da tsinin adda, ta ce bishiya biyu kawai ta yarda a sare, ko sisi kuma ba ta so. Sannan ta dube ni, ta dube shi.

"Wannan kuma fa? Za ka yi min alkawarin ba abin da zai same ta?"

Ya ɗago kai ya amsa.

"Wannan ba a hannuna yake ba, Mama. Abin da zan iya shi ne, duk inda za ta bi, ni zan fara bi."

Mama ta goge hannunta a zani, hawaye na bin kumatunta.

"Da ka ce min eh, da na kore ka. Turo manyanka su ga Kawunta."

Ya roƙi ƙungiyarsu ta bar shi a matsayin mai kula da hanyar, suka amince. Bayan wata uku aka ɗaura mana aure, muka kama ɗaki biyu kusa da tsohuwar tasha.

Ranar da zan tare, na ce mu tafi a ƙafa don kada ran Mama ya ɓaci. Ita ce ta ce a'a, mu hau keke. Ta rako mu har sabuwar hanyar, ta gyara min igiyar hular kwano da hannunta, ta ja ta har sai da na ce ta matse. Ba ta kalli keken ba ko sau ɗaya, fuskata kawai take kallo.

"Kuna isa ki kira ni," ta ce. "Ina nan tsaye."