Kuɗin Sarkin Suwidin da Aka Raba Uku

Ga ta nan, ga ta nanku, jikokina.

Ta zo mu saurara, Kaka.

To ku matso, amma wannan ba ta dariya ba ce.

Rana tsaka, mutanen Sabiyal duk suna gonakin albasa, babura biyu suka tsaya ƙofar Malam Waliyyu. Mutum uku, fuskoki a naɗe. Ɗantsoho ne ogansu, sai Magaji, sai Salihu, ɗan ƙanen Malam ɗin, wanda ya kawo musu labari.

Me suka zo nema? Wani falankin jan ƙarfe ne mai kusurwa huɗu, mai nauyin tsiya. Wani Bature mai haƙa rijiya ya ba Malam shi tun da daɗewa, saboda Malam ya yi jinyarsa. Shekara da shekaru murfin randa ne. Sai wani malamin jami'a ya gani, ya ce ai kuɗi ne. Na Sarki Firedirik na Suwidin, kusan shekara ɗari uku. Ƙasarsu jan ƙarfe ya yi yawa, azurfa ta yi kaɗan, sai ake buga kuɗi haka, hatimi a kowace kusurwa, ɗaya a tsakiya. Ya ce masu tara kayan tarihi za su saya da tsada. Malam ya yi murna, za a cire wa matarsa Iklima yanar ido.

Ɓarayin suka banka ƙofa. Malam ya rungume falankin.

"Tsoho, miƙo kayan ga," in ji Ɗantsoho.

"Idon matata na, yaro."

Magaji ya fizga, tsoho ya ƙi saki. Salihu ya yi magana: "Baffa, sakam mai."

Malam ya juyo. "Salihu? Kai na?"

Tau! Ɗantsoho ya harba. Iklima na ɗaki tana lalube, tana tambayar wa ya faɗi.

Kafin motar 'yan sanda ta taso daga Aliero, sun kai Maiyama. Can rigima ta tashi. Mai saye yana Jega, sai gobe. Wa zai riƙe?

"Ni ar oga," in ji Ɗantsoho.

"Oga da ƙahwa biyu," Magaji ya ce. "In ka ware, mu bi ka ina?"

Suka yi abin da suka saba yi da kowace ganima. Suka ari zarto wurin maƙeri, suka raba shi uku. Kowa ya cusa nasa a aljihu.

Washegari a Jega mai sayen ya jera guntayen a tabarma, ya daɗe yana kallo.

"Wa yay yanka?"

"Mu. Ai a haɗa."

"Kun tsaga hatimin tsakiya. Ku kai ma 'yan gwangwan su auna muku, ko buhun albasa ba ya saye."

A bayan kasuwa Ɗantsoho ya dubi Salihu. "Kai kac ce miliyoyi." Bai jira amsa ba, ya ɗana bindiga ya harbe shi. Magaji ya zura da gudu, ya faɗa ofishin 'yan sanda da ƙafarsa, ya faɗi inda oga ke ɓuya a Gehuru. Kafin la'asar aka zagaye gidan.

Ɗantsoho ya mutu a musayar wuta da 'yan sanda. Salihu an rufe shi, danginsa ba wanda ya je. Magaji yana kurkukun Birnin Kebbi. Guntaye ukun suna wurin hukuma cikin leda. Malam Waliyyu yana maƙabartar Sabiyal. Iklima kuwa ta yi shekara shida bayansa, ba ta ƙara gani ba.