Yatsan Gwaji

Ina shirin rufe shago bayan isha'i wani dogon mutum ya shigo rungume da amfilifaya, akwatin ƙara sautin gitar bes, mai kaurin amo.

"Maigyara, sauya min kwalbar bawul da ke cikin akwatin nan. Murya mai zurfi nake so."

Na sa ta farko, ta ɗau zafi, na taɓa bakin waya da yatsa kamar yadda muke gwaji. Lasifika ta yi ƙugi, don duk jiki mai jini haka take amsa masa.

"Muryar ta yi siririya," in ji shi.

Na sa ta biyu. Shi ya taɓa wayar, shiru. Na taɓa, lasifika ta yi ƙugi. Ya sake taɓawa, ko tari ba ta yi ba.

A hankali ya tura ƙofa ta rufe.

"Ashe ba kwalba ce ta rage min ba, yatsa mai jini ne. Miƙo hannunka, ƙanena."