Juyi Ɗaya da Rabi

Yammacin ranar bai bambanta da na kullum ba. Inuwar katanga ta cinye tsakar gida, kaji sun fara neman makwanci, shi kuwa Mai Kafireta kansa na cikin bonet ɗin tsohuwar motar ɗaukar kaya da ke ajiye a bakin get, ta ciki. Sunan da kowa ke kiransa ke nan, har surukansa.

Shekara talatin da biyu yana wannan sana'a. Kafireta ba wani abin mamaki ba ce, ɗan ƙarfe ne da bai fi kan yaro ba, mai ƙoƙo a ƙasa inda fetur ke taruwa, da maƙogwaro inda iska ke wucewa ta ɗebi man kaɗan-kaɗan ta kai wa inji. Mai ya yi yawa, mota ta shaƙe. Iska ta yi yawa, mota ta yi ta haki. Tsakanin biyun nan mutumin ya ci abincinsa, da kunne da sukudireba. In inji ya zauna daidai yana numfashi a hankali, sai ya ce silo ya zauna, ya goge hannu.

Amma motocin yanzu ba su san kafireta ba. Sai a wuni a rumfarsa ba a ga kowa ba sai mai janareto. Shi ya sa ya sayi wannan gawar mota, ya ce in ta tashi zai koma dakon kaya, ya huta da jiran tsammani. Shekara biyu ya yi yana neman kafiretar da ta dace da ita, don an daina ƙera irinta. Da ya samu, sai da ya yi mako uku yana wankewa yana hura ƙofofinta da baki.

Ya murza makulli. Injin ya yi tari, ya tofar da baƙin hayaƙi, ya mutu. Ya sake, haka dai.

Mutum ne mai magana da ƙarfe, halinsa ne tun yana saurayi. Ya ɗora sukudireba a kan notin iska yana sassautawa, ya ce cikin gajiya, "Iska, shigo mana. Haba, ga shi an buɗe miki. Shigo ki zauna, gida naki ne."

Matarsa da ke kwashe shanya ta ce, "Baban Auta, magariba fa ta kawo jiki. Ka bar surutun nan haka."

Ya sake murza makullin. Injin ya kama, ya zauna lumui, irin zaman da bai taɓa jin ya yi ba. Daidai lokacin Auta, 'yarsu ta ƙarshe, wadda ita kaɗai ta rage a gabansu, ta fito da butar alwalarsa. Shekarunta goma sha shida. Ta tsaya a tsakiyar gida kamar an kira sunanta. Butar ta suɓuce, ruwan ya bi ƙasa, ita kuma ta ja wani dogon numfashi da ya ƙi ƙarewa.

Daga ranar gidan bai sake ganin magariba lafiya ba. Da rana ta faɗi sai a ji ƙwas a kan kwanon rufi, a jima a sake ji. Da safe matar ta share, ta tara notuna masu tsatsa, waɗanda mijin ya juya ya duba ya ce ba nasa ba ne. Warin fetur ya zauna a ɗakin Auta, a filo, a ruwan sha. Wani lokaci a ji tsohuwa tana nishi a bayan ƙofa, a leƙa ba kowa.

Duk wannan da sauƙi. Numfashin yarinyar ne tashin hankali. Takan zuƙi iska da sauri-sauri har haƙarƙarinta su fito, sannan ta ɗauke ɗif, uwar tana jijjiga ta tana kiran sunan Allah, kafin numfashin ya dawo. An kai ta asibiti sau biyu, an ɗauki hoton ƙirji, an ce ba a ga komai ba. Kullum ɗaukewar tana ƙara tsawo. Uban yakan tsaya a bakin ƙofa ya kasa kunne, ya ji abin da ya sani sarai: iska ta yi mata yawa. Da inji ce, da minti biyu ya ishe shi. Ya dubi hannuwansa, ya ji kunyarsu.

Rana ta tara matar ta aika aka ɗauko wani Malam mai ruƙiyya. Tsoho ne siriri, ba ya son yawan magana, gwiwa ma tana damunsa. Ya iso bayan la'asar, ya nemi tabarma da ruwa a kofi, ya zauna nesa kaɗan da katifar. Ya fara karatu a hankali, bai ɗaga murya ba. Haske yana janyewa daga taga, karatu yana tafiya. Noti ɗaya ya faɗo a kan rufi, sannan shiru.

Auta ta tashi zaune, ba da irin tashinta ba. Ta dafa gwiwa biyu kamar mai ciwon baya.

"Ya isa haka, Malam," in ji bakinta, da muryar tsohuwa. "Kana ƙona ni, ni kuma ban da ƙarfin gudu."

"Wace ce ke?"

"Baƙuwa."

"Baƙuwar ƙwarai ba ta shiga gidan mutane babu sallama. Me yarinyar nan ta yi miki?"

"Ba ta yi mini komai ba. Kira na aka yi." Idon ya juya a hankali ya sauka a kan uban. "Tambaye shi. Da bakinsa ya faɗa. Iska shigo, an buɗe miki, gida naki ne."

Matar ta rufe baki da mayafi. Mai Kafireta ya matso kusa da katifar. Ya ce, "Wallahi da iskar mota nake. Iskar da inji ke sha."

"Ni dai iska na ji an ce," in ji muryar. "Shekara nawa ina yawo. Bishiyar da nake ciki an sare, an yi shaguna. Na koma tsohuwar rijiya, aka cike ta. Duk inda na raɓa sai a yi karatu a kore ni. Ranar nan ina wucewa a gajiye na ji an ce gida naki ne. Ba a taɓa gaya mini haka ba. Na shigo na tarar da ƙirjin yarinya a buɗe."

"Kina kashe ta," Malam ya ce.

"Na sani. Wurin ya yi mana kaɗan. Jifan da nake yi, cewa nake a zo a yi magana."

"To ga shi an zo. Ki ji tsoron Allah ki fita."

"In fita in je ina? Ka ci gaba da karatunka, zan ƙone, amma kafin in ƙare ita ma ta ƙare. Wanda ya ce gida nawa ne, shi zai ba ni gida."

Numfashin Auta ya ɗauke. Uwar ta rarrafa ta riƙe ƙafarta. Ɗakin ya yi tsit, har ana jin kaji suna gyara kwanciya a waje, sannan numfashin ya dawo da ƙyar, da ɗan fito a ciki.

Mai Kafireta ya fita. Suka ji ƙarar sufana a tsakar gida. Noti huɗu ne ke riƙe da kafiretar, ya kwance su ɗaya bayan ɗaya. Ya tsiyaye man da ke ƙoƙon, ya goge ta da gefen rigarsa, ya shigo ya ajiye ta a kan tabarma.

"Ga inda na ce ki shiga tun farko, Iya," ya ce. "Akwai ɗaki a ƙasa, akwai hanya a sama. Don iska aka gina ta. Babu mai sarewa, babu mai cikewa."

Idon ya daɗe a kan ƙarfen. "Za ka mayar da ita jikin mota, a yi ta jijjiga ni da wuta?"

Ya dubi kafiretar. Shekara biyu na nema, da mako uku na wanki, da duk lissafin da ya yi na sauran rayuwarsa, suna zaune a kan tabarmar nan.

"Ba za ta sake hawa mota ba," ya ce.

"Ka faɗa a gaban Malam."

"Na faɗa."

Malam ya sa ta yi alkawari da girman Wanda ya halicce ta cewa ba ita ba gidan nan har abada. Ta yi. Ta ce a buɗe mata. Mai Kafireta ya sassauta notin iska. Auta ta saki wani dogon huci, labule ya motsa, ƙarfen ya yi ɗan ƙara kamar injin da ke hucewa. Yarinyar ta sulale jikin uwarta.

"Ɗaure shi tam," in ji Malam. "Mu toshe ko'ina."

Ya murza notin har ƙarshe. Sai ya tsaya, sukudireba a hannu.

"Allah gafarta Malam, karatu naka ne, amma wannan aikina ne. Iska in ka toshe ta gaba ɗaya ba ta haƙura, wata kafar take nema. Ba na so ta sake nema a gidana."

Ya mayar da notin baya, juyi ɗaya da rabi, yadda ake yi wa kowace kafireta in ana so ta zauna lafiya. Malam ya dube shi, ya dubi ƙarfen, bai hana ba.

Washegari da safe ya naɗe kafiretar a buhu ya kai bayan gari, inda ake zubar da matattun motoci. Ya ajiye ta a cikin wata bas da ciyawa ta fito ta tagoginta, wurin da akwai inuwa. Ya dawo a ƙafa.

Motar tana nan a bakin get har yau, tayoyinta sun sace, kaji na kwana a ƙarƙashinta. Shi kuma ya koma rumfarsa yana jiran masu janareto. Abu ɗaya ne ya sauya. Ba ya magana da ƙarfe, kuma kalmar nan ta iska ba ta sake fita daga bakinsa a wurin aiki ba. In inji ya shaƙe, sai ya ce mai ya yi yawa. In yana haki, ya ce mai ya yi kaɗan. Masu kawo gyara ba su lura ba.

Da magariba kuwa yakan jawo tsohuwar taya ya zauna ƙarƙashin tagar Auta, buta a gefensa, kai a sunkuye. Wata rana matar ta gaji da gani, ta ce, "Baban Auta, an fa kira salla. Me kake saurare ne kullum a nan?"

Ya ɗaga mata hannu ta dakata. A ciki yarinyar tana ninke kaya, numfashinta na shiga yana fita a hankali, ba gaggawa, ba fito.

"Silonta ya zauna," ya ce. Ya ɗauki butar.