Kofin da Aka Sa a Wuta

Ga ta nan, ga ta nanku, amma ta yau ba ta dariya ba ce.

Ta zo mu ji ta, ko da ɗaci gare ta.

To, a ƙauyen Pudukulam ne, can kudancin jihar Tamil Nadu ta ƙasar Indiya, aka wayi gari da gawar Muniyandi a cikin kwatar ban-ruwa ta gonakin shinkafa. Muniyandi makaɗin jana'iza ne, mutumin Unguwar Ƙasa. Tun kaka da kakanni ba a yarda irinsu su zauna benci ɗaya da masu gonaki na Unguwar Sama, balle su sha a kofi ɗaya. Saje Raju na caji ofis ɗin ƙauyen ya leƙa gawar daga nesa, ya ce, "Buguwa ce. Ya sha ya faɗa."

Da a zamanin da ne, shi ke nan magana ta mutu. Amma gwamnatin jiha tana da sashen 'yan sanda na musamman mai kula da haƙƙin waɗannan mutane, kuma kafin rana ta take motar Sufeto Arumugam ta tsaya a bakin kwatar.

Ya yaye mayafin da aka rufe gawar da shi. Ya san fuskar nan. Watan jiya shi aka aiko ƙauyen wayar da kai. Ya tsaya gindin tsamiya da lasifika yana cewa, "Doka ta hana kofi biyu a shagon shayi. Kowa ya shiga ya zauna ya sha. Gwamnati na bayanku!" Wannan tsohon ne ya ɗaga hannu ya ce, "Yallaɓai, ran da zan zauna ɗin, kana nan?" Jama'a suka yi dariya, shi ma ya yi, ya ce ƙwarai kuwa, ya shiga mota ya koma birni.

Ya juya gawar. Rauni ɗaya ne a ƙeya, kewayayye kamar ƙwai, ga kuma riga fara tas a jikinta.

"Saje, mashayin ƙauyenku farar riga yake sawa in za shi shan giya?"

"Yallaɓai, waɗannan mutanen ai ba a gane musu."

"A kai wa likita. Yanzu."

Yana miƙewa sai ga dagacin ƙauyen, Duraisami, dogo mai furfura, yana dogara wata sanda mai kan tagulla. Kan sandar ya yi baƙi, itacen da ke kusa da shi ya ɗan babbake. Ya tsaya nesa da gawar.

"Sufeto, ka wahalar da kanka. Nan zaman lafiya muke, kamar uwa ɗaya uba ɗaya. Ni tun asuba ina ɗakin bauta, sai labari na ji."

Sufeto ya gode masa, ya gangara Unguwar Ƙasa. Matar mamacin, Mariyammal, tana zaune ƙofar ɗaki, idonta a bushe. Ba ta tashi ba. Ba ta kuma ce masa Yallaɓai ba, sai "Tambi", wato ƙane.

"Tambi, kai ne mai lasifika."

"Ni ne, Akka," ya ce, kamar yadda ake kiran babbar yaya. "Mijinki yana shan giya?"

"Rabonsa da ita tun da aka yi masa aikin ciki. Kowa ya sani, har Saje."

"Ina ya ce za shi?"

"Ya sa rigar bikinsa, ya sa takalmi, ya ce za shi shan shayin gwamnati a shagon Kandan. Na ce tsoho, ka rufa mana asiri. Ya ce zai je da sassafe kafin mutane su taru, ba don neman faɗa ba, don dai ya ji ko shayin kofin silba ya fi na ƙoƙon kwakwa daɗi." Ta dube shi. "Ya ce gwamnati na bayansa. To, a bayan nasa aka buge shi. Ba ka gan shi ba ne, ko kai ne ba ka nan?"

Sufeto ya juya. Ya kama hanyar Unguwar Sama.

A hanya likita ya bugo waya: babu giya ko ɗigo a cikin mamacin, sai shayi da madara.

Shagon Kandan na tsakiyar Unguwar Sama. Kandan gajere ne mai tumbi, ya tarye shi da fara'a har kunne.

"Maraba da manya! Shayi ko gahawa?"

"Muniyandi ya zo nan yau?"

"Nan? Haba Yallaɓai. Rabona da shi tun jana'izar surukata."

"Ina ƙoƙon kwakwar da kake rataye wa mutanen Unguwar Ƙasa a waje?"

"Na ƙone shi tun ranar da ka yi jawabi. Yanzu kofi ɗaya muke da shi, na kowa da kowa."

Sufeto ya zauna. Bencin da ɗanshi, yana ƙamshin ruwan kurkum da aka wanke shi da shi. Ya bi kofunan silba da ke jere a kan katako da kallo, duk suna ƙyalli, sai ɗaya can ƙarshe da aka kife. Ya yi shuɗi-shuɗi da baƙi, irin na ƙarfen da ya sha garwashi.

Ai kuwa nan take ya tuna gidansu. Shi ma ɗan masu gona ne. Yana yaro, in wani ɗan Unguwar Ƙasa ya taɓa kwano bisa kuskure, mahaifiyarsa ba ta yarda da ruwa da sabulu. Cikin murhu take cusa shi, wai wuta kaɗai ke tsarkake ƙarfe. Shi kuwa yakan tsaya yana hura mata wutar.

Ya ɗauko kofin ya ajiye a gaban Kandan.

"Wa ya sha a wannan?"

"Faɗawa ya yi cikin murhu."

"Murhunka yana can bayan shago, kofunanka suna nan gaba. Fiffike gare shi? Kandan, uwata ma haka take yi. Kofin na kowa da kowa ne, amma ka gasa shi. Ka ji ƙyashin jefar da shi don da kuɗi ka saya. Wa ya sha?"

Kandan ya dubi kofin. Sai ya durƙusa.

"Na rantse ban taɓa Muniyandi ba! Ya zo ya zauna, na ji tsoron dokarku na zuba masa. Har ya ce min, 'Kandan, ashe duk ɗaya ne, sukari ne ma ka rage.' Amalankena kawai aka ara aka kai gawar kwata. Kada ka tambaye ni wa ya ara, ina da 'ya'ya a garin nan."

"Ba sai ka faɗa ba," in ji Sufeto. Ya riga ya ga wani ƙarfen da ya sha wuta a ranar.

Ya sami Duraisami a barandar gidansa, dattawa kewaye da shi, sandar tana jingine.

"Dagaci, ara mini sandarka."

"Ta kakana ce. Ba a taɓa ta."

"Shi ya sa ka gasa kanta?" Sufeto ya ajiye kofin kusa da ita. Baƙinsu iri ɗaya. "Kan nan zai shiga raunin ƙeyar Muniyandi daidai, likita zai auna. Da jini kawai kake son ɓoyewa, da ka wanke, da babu wanda ya lura. Amma zuciyarka ba ta yarda ka riƙe sandar da ta taɓa shi ba sai ta bi ta wuta."

Dattawa suka sunkuyar da kai. Duraisami ya miƙe.

"A wurina ya zauna! Wurin da ubana ke zama! Na ce ya tashi, ya ce bari ya ƙarasa shayinsa. Ya juya mini baya, Sufeto. Sau ɗaya na buga." Ya ƙara da cewa, "Shi ya kaɗa wa ubana ganga ran da ya mutu. Kai ka zo ka zuga shi, ka tafi."

"Na tafi," in ji Sufeto a hankali. "Wannan nawa ne. Bugun naka ne. Saje, sa masa ankwa."

Saje Raju ya ƙi matsowa, yana kallon ƙasa. Sufeto ya karɓi ankwar ya sa da hannunsa, ya bi da shi ta tsakiyar titi a ƙafa, kowa na gani.

Kotu ta yi wa Duraisami ɗaurin rai da rai. Kandan ya yi shekara biyu, shagon ya koma hannun ƙaninsa. Saje Raju an sallame shi daga aiki. Mariyammal ta karɓi diyyar gwamnati, amma har ta mutu ba ta taka shagon ba, ba ta kuma amsa gaisuwar Sufeto ba. Shi kuwa Arumugam ya nemi a tura shi caji ofis ɗin Pudukulam, aka tura shi. Kowace safiya yana kan bencin nan kafin a ɗora tukunya, ko da wani ɗan Unguwar Ƙasa zai zo ya zauna. An daɗe babu wanda ya zo, sannan aka fara zuwa.

Ƙurunƙus, nan ta tsaya.