Hannun da Za a Yi Gwanjonsa

Farrokh Daruwala, mai tara kayan tsofaffin finafinai a Mumbai, yana rufe shago bayan magariba sai ga wani dogon mutum. Ana ruwa, amma rigarsa a bushe take.

"Maigida, hannun dodon sararin samaniyar nan da za ka yi gwanjonsa gobe, ina ka samo shi?"

Farrokh ya ɗauka ɓarawo ne, ya tare akwatin gilashin da bayansa. "Roba ce, a kamfanin fim na saya. Wa ya turo ka?"

"Su ma tsinta suka yi," in ji baƙon, muryarsa kamar daga cikin tulu.

Ya ɗaga hannun rigarsa na hagu, babu komai a ciki. A bayan Farrokh, yatsu uku suka fara ƙwanƙwasa gilashin.